Kunyar Ɗan Fari a Bakin Bahar

Ba zan tsaya kan yadda muka bar Dutse ba. An yi kuka, an yi addu'a, an ɗaura wa jakuna kaya, shi ke nan. Shekara bakwai ke nan ko takwas da shigar Nasara Kano, mutane suna ta kwasar iyalinsu suna yin gabas a ƙasa, wasu da niyyar hajji, wasu don kawai ba sa so mutuwa ta same su ƙarƙashin mulkin da ba su gane kansa ba. Malam, maigidana, hajji ya nufa. Ni kuwa wata biyar da kai ni ɗakinsa, inda ya sa ƙafa nan zan sa tawa.

Mu Fulanin gida ne, na gindin duwatsun nan na wajen Limawa. Shanu sun ƙare tun zamanin kakana, Fillanci ya bi bayansu. Abin da ya rage mana kunya ce, ita kam mun riƙe ta da hannu biyu. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In an ce mata "ga ɗanki", sai ta kau da kai. Uban ma haka. Kakanni da gwaggwanni su ke da yaro. Ni 'yar fari ce, har na bar gida ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba, ban kuma taɓa zaton ba ta sona ba.

Mun fi mutum arba'in a ayarin. Uwata ta damƙa ni a hannun wata tsohuwa 'yar Miga, Inna Goshi, wadda mijinta ya rasu ta sayar da awakinta ta ce sai ta ga Ka'aba da idonta. Gajeriya ce, ga baki, ba ta raga wa kowa, har madugu.

Abin da ya fara girgiza ni ruwa ne. Na tashi ina jan guga a rijiya mai zurfi, ruwa mai gudu kuwa sai na rafi da damina, kwana uku ya ƙafe. Da muka ratsa ƙasar Barno muka iso bakin Shari, sai na tsaya cak da kaya a kaina. Ruwa ne yake tafiyarsa, ba mai kora shi, ba mai tare shi, tun daga inda ido ya fara har inda ya gaza.

"Inna, wannan ne tekun da ake faɗa?"

"Teku? Wannan ai fitsarin teku ne. Sauke kayan nan, kin tsaya kamar an dasa ki."

Muna cikin kwalekwale wata dorina ta ɗago kai kusa da mu ta yi hamma. Bakin nan, wallahi, akuya da 'ya'yanta sa kwanta a ciki. Na runtse ido ina ta salati. Masu fito kuwa ko waiwaye ba su yi ba, hirarsu kawai suke yi. Abin da ya kusa tsinka mini zuciya, su a ƙofar gidansu yake kiwo.

A Wadai damina ta tare mu, muka yi wa mutane ƙwadago a gona don mu sami guzuri. Nan a kasuwar Abeshe wani mutum ya ji muna magana, ya taho da sallama cikin Hausa tsantsa irin ta Kano, har da "sannunku da hanya, yaya mutan gida?" Wata goma rabonmu da jin haka daga bakin baƙo. Maza suka rungume shi, mu mata muka yi ƙwalla. Ya san Dutse, ya san dabinonta, ya san hanyar Buji. Ya ce jakunanmu na gida ba za su jure ƙishin da ke gaba ba, shi zai musanya mana da 'yan ƙasa, don zumunci kawai. Inna Goshi ta ce a ɗaga akumari a duba bayansu tukuna. Madugu ya ce abin kunya ne a binciki ɗan'uwa. Kwana biyu da tashinmu aka ɗaga, aka tarar da gyambo an cushe shi da toka da kashin shanu. Namu ya mutu a kwana na huɗu. Daga nan har ƙarshen tafiya kaina ne jakin.

Ƙafafuna suka tsattsage, ina takawa ina barin jini. A wani ƙauye da har yau ban san sunansa ba, wata mata ta kama hannuna ba magana, ta zaunar da ni, ta wanke mini fason da ruwan ɗumi, ta cusa kitse, ta ɗaure da tsumma. Ko sannu ba mu haɗa da ita ba. Na daɗe ina juya abin a raina, mai harshena ya cuce ni, wadda ba ta jin kalmata ɗaya ta ɗora ƙafata a cinyarta.

Bayan Fashir aka shiga ƙasar da ba rijiya ba tafki, sai jan rairayi da ƙaya. Rana ta uku salkunanmu suka bushe, harshe ya yi nauyi a baki. Muka hango kukoki manya-manya, irin namu sak. Ban yi murna ba. A gida kuka ta miya ce da igiya, kuma ba a zama gindinta da tsakar rana saboda masu ita. Sai ga wani mutum ya taka turakun da aka kakkafa a jikin ɗaya, ya hau, ya zura guga ta wata kafa a sama, ya jawo. Ruwa! Ashe sun rarake cikin itacen, da damina su cika shi, ya riƙe musu har rani ya fita, itacen kuma yana nan da ransa yana fid da ganye. Kowace kuka da mai ita, da sunanta, ana gadonta kamar gona. Na sha, sanyi ƙalau, da ɗan ɗanɗanon itace. Na dafa jikinta da tafin hannu na kasa ɗaukewa.

Malam, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce, "Rijiya a tsaye. Allah, mun shaida."

Inna Goshi ta goge baki ta ce, "Aljanun garin nan dai sun iya iyo."

A Lubayyid muka ga jirgin ƙasa. Ƙararsa muka fara ji, ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafa. Sai ga ɗakuna na ƙarfe a jere suna bin juna, na gaban yana tari yana aman hayaƙi, ga mutane a ciki zaune suna cin abinci kamar a tsakar gida. Aka ce Nasara ne suka kawo shi. Shekara biyu muna tafiya mun ba su baya, ashe suna gabanmu suna jira. Wani dattijo cikin masu gudun mulkinsu ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi dariya har hawaye suka jiƙa masa gemu.

A lokacin ina da ciki wata bakwai. Ban gaya wa kowa ba, sai dai in ɗaure zani sama-sama. Da muka iso babban kogin da suke kira Bahar, wanda Shari ƙanensa ne, ƙafafuna sun kumbura, ba na iya taku ɗari ban zauna ba. Madugu ya ce ayari ba zai jira mutum ɗaya ba. Malam ya nemi aiki a wani ƙauyen Larabawa a bakin ruwan, aka ba mu bukka a gefen gari.

Da a gida ne, da an mai da ni ɗakin uwata goyon ciki. Na sa rai Inna Goshi za ta tsaya mini. Ranar tashin ayari sai ga ta da ƙunshinta a ka.

"Yarinya, na duba ƙafafuna na duba shekaruna. In na tsaya jegonki, Makka sai dai a ba ni labarinta a lahira."

Ta matso kusa da ni ta ci gaba.

"Saurara da kyau. Kada ki yi ihu wajen haihuwa, ba a san mu da shi ba. Kada ki ba shi dakashi, nonon farkon nan, sai ya kwana uku. Wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, ko sama za ta faɗo. Ga kanwa ta kunu. Kuma ki riƙe kunyarki. Kada a ce 'yar Dutse ta zo ƙasar mutane tana lasar ɗan fari kamar akuya."

Ta miƙa mini ƙullin kanwar, ta juya. Ban sake ganinta ba. Maganarta kuwa na haɗiye ta duka, ban tauna ba.

Aikin Malam korar bijimi ne a sagiya. Wani ƙaton kewayen itace ne a bakin kogi, an ɗaɗɗaura masa tuluna, bijimin yana zagayawa, tulunan suna nutsewa suna fitowa a cike suna juye ruwa a magudana zuwa gona. Tsakiyar rani, alkama kore shar. Nakan zauna ina kallo har wuyana ya gaji. Amma da na koma bukka sai kewa ta danne ni. Abincinsu wata 'yar siririyar waina ce mai tsami kamar takarda, ba daddawa, ba tuwon da zai zauna a ciki. Ba ƙarar daka da safe, niƙa suke yi. Sai in rufe ido in riƙa jera duwatsun garinmu ɗaya bayan ɗaya, don kada su ɓace mini.

Maƙwabciyarmu Zahra ce, doguwa, da zane uku-uku a kumatu da shuɗin leɓe. Ita ma ciki gare ta. Takan nuna nata ta nuna nawa ta yi dariya, ta ce "Fallatiya", sunan da suke kiran duk mutumin yamma. Ta riga ni sauka. Jaririyar ta kwana goma sha biyu ta koma, ita ce ta uku da Zahra ta binne. Bayan mako guda nawa ya zo.

Da hantsi ne, Malam yana sagiya. Na durƙusa ni kaɗai, na ciji gefen zani, ko tari ban yi ba. Da ya faɗo sai na ja gefe na juya fuskata ga zana, ina jiran wadda za ta zo ta ɗauka ta yanke cibiya, kamar yadda ake yi. Ban tuna cewa babu mai zuwa ba. Kukansa ne ya kawo Zahra. Ta tarar da jariri a ƙasa cikin jini, uwar ta ba shi baya. Ta kurma ihu, mata suka cika bukkar.

Ita ta yanke cibiyar, ita ta wanke shi. Ta kawo shi ƙirjina, na kau da kai. Ta matso da shi, na ture hannunta, saboda dakashi. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta zauna ta buɗe gabanta ta ba shi nata, ya kama.

A raina na ce, alhamdu lillahi, Allah ya ba ni gwaggo a ƙasar mutane. Ita kuma a ranta ta ce, wannan ba ta son ɗanta.

Al'adarsu ba a barin maijego ita kaɗai har arba'in. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta bukkar cike take da mata, suna dafa gahawa, suna shafa mini mai, suna yi mini kirkin da ban san yadda zan ce musu ya isa ba. Ba ni da lokacin da babu ido a kaina. In yaron ya yi kuka sai in sunkuyar da kai, Zahra ta ɗauka. In sun nuna shi sun ce "waladik", wato ɗanki, sai in girgiza kai in ce "la", wato a'a, kalmar da na fi iyawa a harshensu. A gida da an yi dariya an ce yarinya ta sami tarbiyya. Nan kuwa sai su dubi juna.

Ga kuma wanka. Malam da kansa yake dafa mini ruwan kafin ya fita, aikin da namiji ba ya yi, yana yi yana waige-waige. Ranar da suka leƙo bayan zana suka gan ni ina tsoma ganye a tafasasshen ruwa ina fyaɗa wa jikina, tururi na tashi, wata ta zura yatsa a tukunyar ta daka tsalle. Daga ranar suka gama magana, Fallatiya ta taɓu. Zahra ta fara tafiya da yaron gidanta, da fari yini, daga baya har da kwana.

Ranar suna Malam ya sa masa sunan mahaifinsa, limamin garin ya sanar. Sai sunan ya haramta a bakina ta hanya biyu, ga ɗan fari, ga suruki.

Kada ku ce ban so shi ba. In an yi sa'a sun fita ɗiban ruwa sun bar shi a kwance, sai in rarrafa in ɗauke shi, in shinshina kansa, in buɗe 'yan yatsunsa ɗaya-ɗaya, in sa shi a nono da sauri kamar ɓarauniya. Da na ji taku sai in ajiye. Nonona ya kumbura ya yi tauri, ya sa mini zazzaɓi, daga nan ya fara ja da baya.

Saura kwana uku arba'in aka ji wani ayarin mutanenmu zai ratso. Malam ya ce mu shirya mu bi su. Labari ya kai gidan Zahra. Washegari da hantsi aka aiko shehun gari yana kiranmu.

A gindin wani gawo ne, maza a kan tabarmi, mata a tsaye daga baya. Zahra tana gefe da yaron a kafaɗa, idonta jajur. Mijinta ya yi magana mai tsawo. Mai fassara wani tsohon Babarbare ne, Baba Kyari, mai fito a kogin, wanda ya baro Barno tun yana saurayi. Kun san tsakaninmu da Barebari, ko a gaban alƙali ba a fasa wasa.

"To, bayina, kun jawo wa kanku," in ji shi. "Cewa yake yi uwar nan ta yar da ɗanta a ƙasa ranar haihuwa, ta hana shi nono, an tambaye ta ba sau ɗaya ba ta ce ba nata ba ne, ga shi tana dafa kanta da ranta safe da yamma. In aka bar ku kuka shiga hanya da shi, kafin ku ga teku kun binne shi. Suna roƙo a bar wa matarsa ta raine shi don Allah."

Malam ya ce, "Baba, ka gaya musu al'ada ce."

"Tun jiya na gaya musu. Na ce Fulani haka Allah ya yi su, saniya suke runguma su kau da kai daga ɗa. Shehu ya ce shi bai taɓa gani a littafi ba."

Shehun wani siririn tsoho ne, idonsa ɗaya ya yi fari, ba ya ɗaga murya. Ya dubi Malam ya yi tambaya.

"Yana cewa, kai, wannan ɗanka ne?"

Malam ya dubi tabarma. Can ya ce, "Haka ake faɗa."

Baba Kyari ya dafe kai da hannu biyu. "Haka ake faɗa! Wa ke faɗa, ɗan nema? Wannan zan fassara? Kai, Allah ya isa tsakanina da Fulani."

Bai fassara ba, ba a kuma bukata. Kowa ya ga mutumin da aka nuna wa ɗansa ya dubi ƙasa.

Shehu ya juyo gare ni. Da Baba Kyari ya buɗe baki wannan karon, wasa ya fita daga muryarsa.

"'Yata, ji da kyau. Ya ce ba zai raba uwa da ɗa ba, ba kuma zai ba da yaro ga wadda ta ce ba nata ba ne. In naki ne, ki zo ki ɗauka a gaban jama'a, ki ce naki ne, ki kira shi da sunansa. In kin yi shiru, shirun ne amsarki."

Na tsaya da mayafi a fuska. Ta ƙasan ido na bi matan nan da kallo, ina neman wadda za ta yi magana a madadina. A gida ai ba ni zan yi ba. Da uwata ta taso, da gwaggo ta ce ku ba ni ɗana marasa ta ido, da mata goma sun miƙa hannu. Sai a lokacin, a tsaye a rana, na ga abin da ban taɓa gani ba ina cikinsa. Uwa tana iya kau da kai ne don ta san akwai hannuwa goma a bayanta. Ni na ɗauko kau da kan tun daga Dutse, na baro hannuwan a can.

Ban san yadda na ratsa tabarmin maza ba. Na dai gan ni a gaban Zahra na miƙa hannu biyu. Ba ta ba ni ba, ba ta kuma hana ni ba, na zare shi daga kafaɗarta. Na ce, "Nawa ne. Ni na haife shi." Muryar kamar ba tawa ba. Na ce, "Waladi," yadda na ji suna faɗa. Sannan na kira sunan, sunan surukina, da ƙarfi, har sau biyu, a gaban mazan gari da mijina. Malam ya ja rawani ya rufe fuska. Ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa.

Yaron ya tsandara kuka. Tunda kunya ta riga ta tafi, na zauna nan a ƙasa na ba shi nono. Ya kama, ya ja sau biyu, ya saki, ya ƙara ƙarfin kukan. Ba komai a ciki sai ɗigo.

Shehu ya ce yaro na uwarsa ne. Amma ba za a fita da shi daga garin ba sai an ga yana ƙoshi a jikinta. In nono bai dawo ba, ko mu zauna, ko mu tafi mu bar shi.

To, ku duba. Zahra ke da nono. Ba sai ta yi mini mugunta ba, abin da kawai za ta yi shi ne ta ci gaba da kirkinta, ta karɓe shi duk sa'ad da ya yi kuka, nawa ya ƙarasa ƙafewa, yaro ya zama nata ba tare da kowa ya zarge ta ba. Na san haka, ita ma ta sani. Da ni ce a wurinta, da kaburbura uku a bayan gari, ban san abin da zan yi ba, ba kuma zan yi muku ƙarya in ce na sani ba.

Washegari da sassafe ta shigo da ƙwarya cike da kunun hulba, mai kauri, mai ɗaci-ɗaci, man shanu na yawo a kai. Ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ta kori matan nan duka daga bukkar. Ta gasa mini ƙirji da tsumma mai zafi, ta matsa, ta murza. Ni da ban yi ihu a haihuwa ba, na yi shi a hannun Zahra. Ta gyara mini riƙon, ta nuna mini yadda zan tallafe kansa. Sannan ta fita ta ja ƙofa ta zauna a bayan zana.

Haka muka yi kullum. Sau biyu a yini takan karɓe shi ta ba shi kaɗan don kada ya galabaita, ta cire shi yana tsakiyar sha, ta mayar mini da shi da yunwarsa. Yana kuka, ina kuka, ita tana waje tana ji. Wata rana na leƙa ta kafar zana. Gaban tufarta ya jiƙe sharkaf. Ta dunƙule hannu biyu ta cusa tsakanin gwiwoyinta, tana kaɗa jiki gaba da baya. Ba ta tashi ba.

Ayarin ya zo ya wuce a rana ta biyar. Malam ya tafi sagiyarsa.

Rana ta tara da hantsi na ji wani abu ya tsarga mini daga hammata ya sauko. Yaron ya yi tsit. Na ji haɗiya, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Shirun ne ya shigo da Zahra. Ta durƙusa ta kara kunne kusa da wuyansa ta saurara. Sai ta miƙe ta fita fili ta rangaɗa guɗa irin tasu, mai kaifi, har masu sagiya suka tsai da shanu. Tana guɗa hawaye na zuba. Guɗar rabuwarta da shi take yi, ta kuma sani.

Shekara shida muka yi a garin. Na haifi wasu biyu a can, duka a hannunta, na kuma ɗauki abina tun suna da ɗumi. A shekara ta huɗu Allah ya ba ta 'ya mace da ta rayu, ba aure tsakaninta da nawa, nono ya haɗa su. Yaron yana ce wa Zahra Yumma, wato uwa a harshensu, ni kuwa Adda, kamar yayarsa. Daga baya mun ga teku, mun ga Ɗakin Allah, na yi kuka kamar kowa. Amma in ana hirar abubuwan mamaki na hanyar gabas, kowa yana kawo nasa, ni matar nan nake gani zaune a bayan zana. Har yau ban san inda Allah yake ajiye irin wannan a cikin mutum ba.

Da muka dawo Dutse na koma kunyata yadda na same ta, don nan akwai masu ɗauka. Ban sake kiran sunan ba, ba kuma zan faɗa muku shi ba. Amma duk 'yar gidan nan da aure ya kai nesa, ranar da na ji tana da ciki nakan aika mata da kanwa da saƙo ɗaya: in kin duba ɗakin ba kowa, ɗauki abinki.

Yanzu yaron nan shi ma furfura ta cinye masa gemu. Kowace safiya yakan zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina duban gefe. Kafin Malam ya rasu ya ba shi labarin gindin gawon nan, ban san da wace fuska ba. Ran nan ya gama gaisuwa bai tashi ba.

"Adda."

"Mene ne?"

"Wai da gaske har sau biyu kika kira?"

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, ka tare mini haske."

Ya tashi yana dariya, dattijo mai jikoki, yana share ido da hannun riga.

Sau uku ne. Na ukun ba wanda ya ji sai shi, shi kuwa bai isa tunawa ba.